Koyon Kimiyyar Bayanai a Gefen Aji: Nazari a kan Ƙungiyoyin Sa-kai da ke Kewaye da Jami'ar Bayero, Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hanyoyin da ɗalibin jami'a a Arewacin Nijeriya yake bi kafin ya iya aikin kimiyyar bayanai, ta kuma ɗauki Jami'ar Bayero da ƙungiyoyin sa-kai da suka tsiro a jikinta a matsayin fagen nazari. An dogara ne ga tsarin manhajar karatu na Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da maƙalun da 'yan waɗannan ƙungiyoyi suka wallafa, da ra'in Lave da Wenger game da koyo ta hanyar shiga cikin masu sana'a. Hujjar maƙalar ita ce, gwanintar da ta fi wuyar samu a wannan fage, wato iya tattara bayanai da tsaftace su da auna ingancinsu, an fi samun ta a ayyukan haɗin gwiwa na sa-kai fiye da ɗakin lacca, kuma barin wannan aiki a wuyan mutane ƙalilan kasada ce da jami'a ke da halin magancewa.

1.0 Gabatarwa

Kimiyyar bayanai fage ne da ya haɗa ƙididdiga da rubuta manhajar kwamfuta da sanin fannin da bayanan suka fito daga cikinsa, ko lafiya ne ko noma ko harshe. Tushenta ya girmi sunanta. Tun a 1962 John Tukey ya yi kira ga masana ƙididdiga su ɗauki nazarin bayanai a matsayin ilimi mai cin gashin kansa, kuma a 2001 William Cleveland ya fitar da tsarin yadda za a faɗaɗa sassan ƙididdiga na jami'o'i su rungumi wannan aiki.

A Nijeriya kuwa, sai a Disambar 2022 fagen ya sami gurbinsa na kansa a takarda, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa (NUC) ta ƙaddamar da sabon ma'aunin manhaja mai suna CCMAS. A cikinsa aka warware ilimin kwamfuta zuwa digirori daban-daban, har da na kimiyyar bayanai da na tsaron intanet da na injiniyancin manhaja. Tsarin ya tanadi cewa kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar daga hukumar zai fito, sauran kashi 30 kuma kowace jami'a ta cike shi da abin da ya dace da muhallinta.

Sai dai kafin wannan takarda ta fito, an riga an yi nisa. A watan Yunin shekarar, a taron LREC da aka yi a Marseille ta Faransa, Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa sun gabatar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin ɗin Nijeriya, kimanin dubu 30 a kowane harshe, waɗanda mutane suka zauna suka karanta ɗaya bayan ɗaya suka sanya musu alama. A daidai wannan lokaci jami'o'in gwamnati a rufe suke, domin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Tambayar da ta haifi wannan nazari ke nan: in aji a rufe yake kuma manhaja ba ta iso ba, a ina aka koyi aikin?

2.0 Ra'i da Hanyar Bincike

Jean Lave da Etienne Wenger (1991) sun nuna cewa mutum yakan koyi sana'a ne ta hanyar zama cikin masu yin ta, a fara ba shi ƙaramin aiki na gefe amma na gaske, sannu a hankali yana matsowa tsakiya. Cikin misalansu akwai telolin Vai da Gola na Laberiya, inda yaron shago ke farawa da ɗinka maɓalli da kalmasa baki, daga baya ya hau keke, yanka yadi kuwa shi ne na ƙarshe da ake sakar masa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon tela a Kano ya san wannan jeri. Muhimmin abu a ra'in shi ne aikin gefen ba atisaye ba ne. Rigar da yaron ya sa wa maɓalli mai ita zai zo ya karɓa.

Da wannan ma'auni aka auna kowace dama da ɗalibi ke da ita. Shin aikin da ake ba shi na gaske ne, wanda wani zai dogara da shi? Shin akwai wanda ya fi shi sani a kusa da zai duba ya gyara? Shin akwai hanyar matsawa gaba? Nazarin na takardu ne, kuma ya taƙaita ga abin da aka wallafa a fili.

3.0 Ƙofofin da ke Buɗe

Ƙofa ta farko ita ce aji, kuma ba abin rainawa ba ce. Aljabara da ilimin yiwuwa da ƙididdiga sun fi zama a kai idan an koye su a jere, da malami da jarrabawa. Wanda ya tsallake su zai iya kiran umarni a Python ya ga lamba ta fito, amma ba zai san ranar da lambar ta yi masa ƙarya ba. Raunin aji a nan shi ne bayanan da ake koyarwa da su yawanci an riga an wanke su tas, kamar jadawalin furannin da Ronald Fisher ya yi amfani da shi a 1936 ko jerin fasinjojin jirgin Titanic.

Ta biyu ita ce shirye-shiryen gwamnati da na kamfanoni. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 ya sa burin horar da mutum miliyan 3, ya fara da rukunin dubu 30, kuma nazarin bayanai na cikin fannoninsa. Akwai kuma gasa a dandalin Kaggle da na Zindi, wanda aka kafa a 2018 domin matsalolin Afirka, ya kuma riƙa shirya wa ɗaliban jami'o'i gasar UmojaHack. Gasa tana koyar da darasi guda mai tsada: tsarin da ya haskaka a bayanan da aka horar da shi da su yakan faɗi warwas idan aka gwada shi da waɗanda bai taɓa gani ba. Amma a gasa ma, wani ne ya riga ya tattara bayanan.

Ƙofa ta uku, wato ƙungiyoyin sa-kai, ita ce ta cika sharuɗɗa ukun da aka zayyana a sashe na 2.0. Taron Deep Learning Indaba, wanda aka fara a Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg a 2017, ya haifar da ƙananan taruka na ƙasa-ƙasa da ake kira IndabaX, kuma a cikin wannan yanayi ƙungiyar Masakhane ta kafu a 2019 domin sarrafa harsunan Afirka da kwamfuta. A Arewa, HausaNLP da Arewa Data Science Academy su ne rassan wannan motsi, kuma cikin jagororinsu akwai malaman kwamfuta na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello. Makarantar Arewa tana koyar da Python da koyon na'ura kyauta ta intanet, darussanta a buɗe suke a GitHub, wanda ya gama wani zango kuma yakan dawo ya kama hannun na baya.

4.0 Aikin Sanya Alama a Matsayin Makaranta

Ya kamata a tsaya a nan a duba abin da ke faruwa idan aka ɗora wa sabon shiga saƙonni ɗari, aka ce ya rarraba su gida uku: na jin daɗi, na ɓacin rai, da na tsaka-tsaki. A ido aikin ƙasƙantacce ne. A zahiri kuwa kusan duk manyan matsalolin fagen suna cikinsa.

Ɗauki saƙon da aka rubuta a waya ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, kamar yadda akasarin mutane ke yi: "gwamnati ta kasa". Idan marubucin gazawa yake nufi, saƙon kushe ne. Idan kuma gwamnati ta ƙasa yake nufi, wato ta tarayya, babu yabo babu zargi. Mai sanya alama dole ya koma ga sauran jimlar, in babu kuma ya yanke hukunci ya rubuta dalilinsa. Haka nan kalmar da ake rubutawa 'ya'ya a Nijeriya, a Nijar ƴaƴa ce, a waya kuma sau da yawa yaya, wadda ke karo da kalmar tambaya da kuma sunan babban wa ko babbar ya. Manhajar da ke yanka rubutu kalma-kalma za ta ƙirga su a matsayin abubuwa daban, ko ta jefar da alamar da ke gaban harafin tana zaton waƙafi ce. Ɗalibin da ya ga jadawalin ƙirgensa ya lalace saboda wannan ya fahimci ma'anar daidaita bayanai fiye da wanda ya haddace ta don jarrabawa.

Sannan ga gatse da habaici, ga Ingausa, ga addu'ar da ake yi da zafin rai. A irin waɗannan wurare mutum uku 'yan gari ɗaya sukan saɓa. Shi ya sa a NaijaSenti aka ba mutum uku kowane saƙo, aka kuma auna yawan dacewarsu. Nan ne ma'aunin kappa, wanda Jacob Cohen ya gabatar a 1960 kuma Joseph Fleiss ya faɗaɗa shi a 1971 domin masu hukunci fiye da biyu, yake tashi daga shafin littafi ya zama abin buƙata, domin yana cire dacewar da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Idan ya fito ƙasa, ba na'ura za a tuhuma ba; ƙa'idojin sanya alamar za a koma a sake rubutawa.

Binciken Sambasivan da abokan aikinta (2021) ya ƙarfafa wannan matsayi. Sun tattauna da ƙwararru 53 a Indiya da Amurka da Gabashi da Yammacin Afirka, suka gano kashi 92 cikin ɗari sun gamu da matsalolin da suka faro daga sakaci da bayanai, suka yi ta ruruwa har suka ɓata aikin a ƙarshe. Dalilin da suka bayar shi ne kowa na son gina tsarin, ba mai son wahalar bayanan. Ƙungiyoyin harshe sun juya wannan jeri ba don tsabar hikima kawai ba, tilas ce ta sa: a farko babu tarin Hausa da za a sauko da shi a shirye, sai an gina.

Matakin matsawa gaba ma a bayyane yake a cikin abin da aka wallafa. MasakhaNER na 2021 ya ƙunshi harsuna 10 har da Hausa, na 2022 ya kai 20. AfriSenti ya faɗaɗa aikin NaijaSenti zuwa harsuna 14 da saƙonni sama da dubu 110, aka kuma mai da shi gasar duniya a SemEval ta 2023. Waɗannan maƙalu suna ɗauke da dogon jerin marubuta, kuma da gangan ne, domin tun a maƙalarta ta 2020 Masakhane ta tsaya a kan cewa wanda ya ba da gudummawar bayanai ko fassara abokin bincike ne. Ga matashin da ke neman gurbin digiri na biyu, sunansa a irin wannan jeri ya fi takardar shaidar halartar bita nauyi nesa ba kusa ba.

5.0 Inda Tsarin ke da Rauni

Duk da haka, abin da aka gina a kan sa-kai yana tafiya ne da ƙarfin masu sa-kan. Jagororin sukan yi wannan aiki ne bayan sun gama lacca da duba takardu, ko daga wata ƙasa inda suke karatun digiri na uku, kuma nasarar ita kanta ke buɗe musu hanyar tafiya. Ɗalibin kuma da kuɗin aljihunsa yake sayen data. Dandalin Google Colab yana ba shi aron na'ura mai ƙarfi kyauta, amma zaman yana da wa'adi, idan kuma layin ya yanke na wani lokaci ko batirin kwamfutar ya mutu saboda an ɗauke wuta, abin da bai adana ba ya tafi. Wannan yana tace mahalarta tun kafin a zo maganar hazaƙa. Ɗalibar da ke kwana a gida, wadda ba za ta iya zama a makaranta har dare don neman wuta ba, ita ce ta farko da ake rasawa, kuma rashinta yana shiga har cikin bayanan, domin kunnen da ke gane habaicin mata ya ragu a teburin.

Tushen bayanan ma ba a hannunmu yake ba. An dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a 2023 kuma kamfanin ya rufe hanyar da masu bincike ke ɗiban saƙonni kyauta. A shekarar ce aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin da ƙungiyar sa-kai ba ta da kafaɗar ɗauka ita kaɗai. Kwamitin ɗa'ar bincike da ma'ajiya mai ɗorewa abubuwa ne na jami'a.

A ganin wannan maƙala, kashi 30 ɗin nan na CCMAS shi ne wurin da ya dace a ɗaure wannan aiki. Jami'ar Bayero tana da abin da jami'o'i kaɗan ke da shi a harabar guda: tsangayar kwamfuta, da sashen harsunan Nijeriya, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ke aiki tun 1969. Kwas guda na haɗin gwiwa, wanda ɗalibin Hausa da na kwamfuta za su zauna tare su gina ƙaramin tarin bayanai, su rubuta ƙa'idojinsa, su auna dacewarsu, zai ba kowannensu abin da ɗayan ya rasa. Haka kuma ana iya karɓar aiki a HausaNLP a matsayin horon sanin makamar aiki na SIWES, in akwai malamin da zai sa ido. Akwai haɗarin da ba za a ɓoye ba: abin da aka mayar kwas yakan koma neman maki, aikin kuma ya daina zama na gaske. Kariya daga hakan ita ce a gindaya sharaɗin cewa duk tarin da aka gina za a ajiye shi a ma'ajiyar jami'a da lasisin da ya ba kowa damar amfani, da sunayen waɗanda suka yi shi, kuma rukunin shekara mai zuwa daga nan zai ɗora, har da gyara kurakuran da ya tarar.