Gardamar da Fili Ya Kasa Rabawa: Asalin Musun Fifiko a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A gasar Firimiya ta Ingila ƙungiyoyi 20 ne, kowace ta kara da kowace gida da waje, kaka ta ƙare a duba teburi, magana ta mutu. Ƙwallon jami'o'in Amurka ba ta da wannan kwanciyar hankali. Ƙwallon da ake nufi ita ce 'yar uwar zari-ruga, wadda ake runguma a hannu, 'yan wasa sanye da hular kwano. A babban ajinta jami'o'i sun haura 130, kowace kuwa wasa 12 take yi a kaka, domin jikin ɗan Adam ba zai ɗauki wannan gwabzawa fiye da sau ɗaya a mako ba. Yawancin wasannin nan kuma kowace jami'a da maƙwabtanta take yin su, cikin gamayyar da take. Idan zakaran kudu ya cinye duk wasanninsa, zakaran arewa ma haka, ba su taɓa haɗuwa ba, wa ya fi? Dole a koma tambayar wa ya fi fuskantar abokan hamayya masu ƙarfi. Daga nan musun gamayya ya samo tushe.

Ba don neman fifiko aka kafa gamayyoyin ba tun farko. Wasan farko tsakanin jami'o'i an yi shi ne a 1869, Rutgers ta ci Princeton 6 da 4, kuma cikin shekaru kaɗan abin ya lalace: ana ɗauko ƙarti waɗanda ba ɗalibai ba a sa musu riga. A watan Janairun 1895 shugaban Jami'ar Purdue, James Smart, ya tara takwarorinsa a birnin Chicago domin a tsawatar, shekara mai zuwa jami'o'i bakwai suka kafa gamayyar da yau ake kira Big Ten. Doka da tarbiyya suka haɗa su.

A wancan zamani jaridun gabas da arewa ba sa ɗaukar ƙwallon kudu da muhimmanci. Kudu ta sha kaye a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, talauci ya yi mata katutu, kuma ana mata kallon ƙauye. Ranar 1 ga Janairun 1926 Jami'ar Alabama ta je Pasadena ta Kalifoniya, wasan Rose Bowl, ta doke Washington 20 da 19. Da jirgin ƙasa ya ɗauko 'yan wasan zuwa gida, jama'a suka riƙa fitowa tashoshi suna tarbarsu, har a garuruwan da ba na Alabama ba. Wannan ɗabi'a, ta murnar nasarar maƙwabci don kawai ɗan kudu ne, ita ce ta rayu har yau, inda za ka ji magoya baya a fili suna rera sunan gamayyarsu maimakon na jami'arsu. A ƙarshen 1932 jami'o'i 13 suka ɓalle daga tsohuwar gamayyarsu suka kafa gamayyar kudu maso gabas, wato SEC.

A 1936 kamfanin dillancin labarai na AP ya fara tattara ƙuri'un marubuta wasanni yana jera jami'o'i daga ta ɗaya zuwa ƙasa. Wanda ya ƙare a sama shi ne zakaran ƙasa, babu wasan ƙarshe. A 1950 masu horarwa suka fara tasu ƙuri'ar, sai ya zama ana iya samun zakara biyu a shekara guda. Manyan wasannin sabuwar shekara da ya kamata su raba gardama sai suka ƙara dagula ta. Daga 1947 Rose Bowl ta ƙulla yarjejeniya da Big Ten da gamayyar gaɓar tekun Pasifik, ƙofar ta rufe wa 'yan kudu, su kuma suka riƙe Sugar Bowl a New Orleans. Zakarun sai su watse, kowa da nasa fagen. Shekaru da dama ma kafin waɗannan wasanni ake rufe ƙuri'a: a kakar 1964 an naɗa Alabama, sannan ta je ta sha kashi a hannun Texas, kambun kuma bai motsa ba.

Kakar 1966 ita ce wadda ta fi nuna abin da ke ƙarƙashin musun. Notre Dame da Michigan State suka tashi kunnen doki, 10 da 10, aka ba su matsayi na ɗaya da na biyu. Alabama, wadda ta cinye wasanninta 11 ba ko canjaras, ta ƙare ta uku. Har gobe mutanen Alabama na cewa an zalunce su, kuma a lissafin fili suna da hujja. Amma akwai abin da bai kamata a tsallake ba. A ƙungiyar Alabama ta wannan shekara babu baƙar fata ko ɗaya, haka ma sauran SEC. Michigan State kuwa cike take da yaran kudu baƙaƙe waɗanda jami'o'in jihohinsu suka ƙi, irin su Bubba Smith daga Texas da Jimmy Raye daga Carolina ta Arewa. Gamayyar da ta kori mafi gwanintar 'ya'yan yankinta ba ta da bakin cewa ita ce ta fi kowa. Sai a 1967 Nate Northington ya buga wa Kentucky, baƙar fata na farko a ƙwallon SEC. A 1970 Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta zo Birmingham da baƙaƙen 'yan wasanta ta lallasa Alabama 42 da 21, shekara mai zuwa baƙaƙe suka fara buga wa Alabama. Ƙarfin da SEC ke tinƙaho da shi a yau, yawancinsa na jikokin mutanen da ta hana shiga ne.

Kuɗi ya shigo a 1984. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙarar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, wadda ta riƙe ikon sayar da wasanni ga gidajen talabijin ita kaɗai, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya. Bayan 'yan shekaru kowace gamayya ta fara cinikin kanta, sunan cewa ita ce mafi ƙarfi ya zama haja mai farashi. SEC ce ta fara gane wannan. A 1992, ƙarƙashin kwamishinanta Roy Kramer, ta kai jami'o'i 12, ta ƙirƙiro wasan ƙarshe na gamayya. Tsohuwar gamayyar kudu maso yamma ta kasa jure sabon zamani, ta rushe a 1996.

Bayan an raba kambun 1997 tsakanin Michigan da Nebraska, aka kawo tsarin BCS a 1998: a haɗa ƙuri'u da lissafin kwamfuta a fitar da biyu su kara. Kujera biyu ga ƙasa baki ɗaya, sai kimar gamayya ta fi dā nauyi. A 2004 Auburn ta SEC ta cinye duk wasanninta aka bar ta a waje, kuma kudu ba ta manta ba. Daga 2006 zuwa 2012 kambu bakwai a jere suka tafi SEC: Florida biyu, Alabama uku, LSU da Auburn ɗaya-ɗaya. Na farkonsu, inda Florida ta casa Ohio State 41 da 14, shi ya haifar da maganar cewa 'yan kudu sun fi gudu, 'yan arewa nauyi ne kawai. A waɗannan shekaru, a ganina, babu musu na gaskiya, SEC ta fi. Sai dai da wasan ƙarshe na kakar 2011 ya zama Alabama da LSU, 'yan gida ɗaya, sauran gamayyoyi suka ga an kai su maƙura. A 2014 aka koma gasar jami'o'i huɗu da kwamiti ke zaɓa, Ohio State ta Big Ten ta ɗauki na farko.

Kwamiti ma ra'ayi ne. A 2023 Florida State ta gamayyar gaɓar Atlantika, wato ACC, ta ci wasanni 13 ba faɗuwa, aka ajiye ta saboda jagoran wasanta ya karye a ƙafa, aka ɗauki Alabama mai faɗuwa ɗaya. Hujjojin ɓangarorin sanannu ne. 'Yan SEC su ce a duba yawan yaransu da ƙwararrun ƙungiyoyin NFL ke ɗauka kowace shekara. 'Yan Big Ten su ce su wasa tara suke yi a cikin gida alhali SEC ta daɗe tana yin takwas, tana cike gurbi da ƙananan makarantu a watan Nuwamba, kuma manyan wasannin ƙarshe kusan duk a ɗumin kudu ake yin su, ba a sanyin arewa ba. Kambun 2023 na Michigan da na 2024 na Ohio State suka ƙara musu baki.

Abin takaici shi ne gardamar ta cinye gamayyoyin da ake gardama a kansu. A 2022 Big Ten ta sa hannu a yarjejeniyar talabijin ta shekara bakwai, kimanin dala biliyan 7. A 2024 jami'o'i huɗu na gaɓar Pasifik suka koma cikinta ta zama 18, Texas da Oklahoma suka shiga SEC ta zama 16. Gamayyar gaɓar Pasifik ɗin, wato Pac-12, mai asali tun 1915, ta wayi gari da jami'o'i biyu, Oregon State da Washington State. Stanford da ke bakin Pasifik yanzu a gamayyar gaɓar Atlantika take wasa, ɗalibai na ratsa nahiya guda a tsakiyar zangon karatu. A 2024 ɗin aka faɗaɗa gasar zuwa jami'o'i 12, kuma tun ba a je ko'ina ba shugabannin manyan gamayyoyin biyu suka shiga tattauna yadda za a ƙara faɗaɗa ta, inda Big Ten ta nemi a keɓe wa kowacensu kujeru huɗu tun kafin a buga wasa ko ɗaya.