"Able-bodied": kalmar da aka auna ƙarfin kakanninmu da ita

1/ Jama'a, in ka duba ƙamus, "able-bodied" na nufin mutum lafiyayye mai ƙarfin jiki, wato majiyi ƙarfi. Kamar yabo ko? To a takardun Turawan mulki ba yabo ba ne. Ma'auni ne na wanda za a iya ɗauka aikin tilas.

2/ Mu a Hausa kalmomin ƙira sun yi yawa: ƙato, ƙaƙƙarfa, gabjeje, har basamude, daga Samudawa mutanen Annabi Salihu. Duk siffar mutum suke faɗa. Ita wannan ta Bature tambaya ɗaya take amsawa: zai iya aiki?

3/ Mu fara da dogo. A 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka soma shimfiɗa layin Baro zuwa Kano, ya iso Kano a 1911, lokacin Sarki Abbas. Layin nan ne ya ratsa ƙasar Madobi.

4/ Hannu ne ya yi aikin fa, da diga da shebur da kwando a ka. Bature ya faɗi adadi, umarni ya sauko daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci, a zaɓo samari majiya ƙarfi. Ana ɗan biya, amma ƙin zuwa ba sauƙi.

5/ A 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya kan aikin tilas. Ba ta hana shi nan take ba, iyaka ta sa: maza "able-bodied" kaɗai, 'yan shekara 18 zuwa 45, kada a wuce kwana 60 cikin shekara, kada a kwashi fiye da kashi 25 cikin 100 na mazan gari.

6/ Sai yaƙin Hitila. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza. Aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa mutum kimanin 100,000 haƙar kuza. Mutanenmu suka sa masa suna diban gwamna. Sanyi, yunwa da cuta sun kashe da yawa.

7/ Ku lura, wanda aka ɗauka shi ne mai riƙe da garma a gandu. In ya tafi, tsoho da yara ne a gona. Ƙarfin da gida ke tinƙaho da shi ya zama dalilin rasa shi.

8/ Yau fa? Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, ruwa ya shigo Kadawa, Kura da Bunkure. Dashen shinkafa, yanka, bugu, ɗora kwandunan tumatir a mota, duk majiya ƙarfi ne. Bambancin: yanzu sai an yi ciniki, kuma ɗan ƙwadago na iya cewa a'a.

9/ Mai tsoho a gida ya tambaye shi labarin diban gwamna, ya ɗauka a waya. Allah Ya jiƙan magabata.