John Ross: shugaban da ya yi nasara a kotu, ya rasa ƙasa

Idan ana batun 'yan asalin Amurka, mun saba jin labarin mayaƙa masu kwari da baka. John Ross, wanda ya shugabanci al'ummar Cherokee daga 1828 har rasuwarsa a 1866, alƙalami ne makaminsa.

An haife shi a 1790. Mahaifinsa mutumin Skotland ne, kuma Turanci ya fi zama a bakinsa fiye da harshen Cherokee. Amma a al'adarsu ɗa dangin uwa yake bi, don haka ba su ɗauke shi baƙo ba. A zamaninsa suna da rubutun da Sequoyah ya ƙirƙiro, da tsarin mulki na 1827, da jarida tasu.

Sai aka gano zinariya a ƙasarsu, jihar Jojiya ta sa ido. A 1830 Shugaba Andrew Jackson, wanda Ross ya taɓa yin yaƙi a ƙarƙashinsa a 1814, ya sa hannu a dokar tayar da su. Ross ya hana mutanensa ɗaukar makami, ya bi hanyar shari'a. A 1832 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokokin Jojiya ba su da iko a ƙasar Cherokee. Hukuncin ya tsaya a takarda.

Abin da ya fi ba mu takaici daga cikin gida ya fito. A 1835 wasu tsiraru, ƙarƙashin Major Ridge, suka sayar da ƙasar kan dala miliyan 5 a yarjejeniyar New Echota. Ba ma gaggawar kiransu maciya amana, domin a ganinsu ƙasar ta riga ta tafi. Ross ya tara sa hannun mutum fiye da 15,000 masu ƙin yarda, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu.

A 1838 soja suka tattara su, aka kora su yamma, inda Oklahoma take a yau. Ana ƙiyasta mutum 4,000 sun mutu, har da matarsa Quatie. Wannan ce tafiyar da ake kira Hanyar Hawaye.

Ba za mu ɓoye ba: Ross, mai kukan zalunci, shi ma yana da bayi baƙar fata, kuma da su aka yi wannan tafiya. Ya sake kafa gwamnati a Tahlequah, ya rasu a Washinton yana kan tattauna wata sabuwar yarjejeniya.