Rahoton Rasmussen da Tarihin Auna Haɗari da Lissafi

A shekarar 1957 Hukumar Makamashin Atam ta Amurka ta fitar da wani rahoto wanda masanan cibiyar bincike ta Brookhaven suka shirya, a kan abin da zai auku idan babbar tashar lantarki ta nukiliya ta yi mummunan haɗari. Amsar da suka bayar mai firgitarwa ce. A hali mafi muni mutane 3,400 za su iya mutuwa, 43,000 su jikkata, asarar dukiya kuwa ta kai dala miliyan 7,000. Amma da aka zo ga tambayar da ta fi damun masu mulki, watau sau nawa ake tsammanin aukuwar irin wannan masifa, sai masanan suka nuna ba su da hanyar lissafa ta, iyakarsu kirdado. Injiniyoyin wancan zamani suna da tasu dabarar ta kauce wa tambayar: su ƙaddara haɗari guda mai girma, galibi fashewar babban bututun da ke kai ruwan sanyaya tukunyar nukiliya, sa'an nan su gina tashar yadda za ta jure masa. A ganinsu wanda ya shirya wa babba ya riga ya shirya wa ƙanana.

Kayan aikin da za a amsa tambayar da su kuwa sun riga sun samu, sai dai a warwatse suke. Na farko ya fito daga Los Alamos, inda aka ƙera bom ɗin atam. A 1946 masanin lissafi Stanislaw Ulam yana jinya, yana rage lokaci da wasan karta na mutum ɗaya, sai ya so ya san sau nawa ake cin wasan. Da lissafin ya gagara, sai ya ga ai da sauƙi a buga wasan sau ɗari a ƙirga sau nawa aka ci. Shi da John von Neumann suka mai da wannan tunani hanyar aiki a kan kwamfutar farko-farko mai suna ENIAC, abokin aikinsu Nicholas Metropolis kuma ya raɗa mata suna Monte Karlo, sunan garin nan da ya shahara da gidan caca. Na biyu shi ne bishiyar lalacewa, wadda H. A. Watson na ɗakunan binciken kamfanin Bell ya tsara a farkon shekarun 1960 domin makami mai linzami na Minuteman. A nan ana rubuta abin da ake gudu a can sama, sa'an nan a gangaro reshe reshe ana tambayar me zai haddasa shi, har a iso ga ƙananan abubuwa kamar famfo ko bawul ko waya, waɗanda ake da labarin yawan lalacewarsu. Na uku ra'ayi ne wanda F. R. Farmer na Birtaniya ya gabatar a 1967, cewa ba a hukunta haɗari da girmansa kaɗai, sai an haɗa da yiwuwarsa, kuma gwargwadon munin abu gwargwadon ƙarancin yiwuwar da za a yarda da ita.

A 1972 aka haɗa waɗannan wuri guda. A lokacin gardama ta yi zafi a Amurka a kan ko na'urorin sanyayawa na gaggawa za su yi aiki ranar da aka bukace su, ga kuma dokar da ta ƙayyade diyyar haɗarin nukiliya tana gab da komawa gaban Majalisa domin sabuntawa. Hukumar ta ɗora aikin a kan Farfesa Norman Rasmussen na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, tare da jami'inta Saul Levine. Suka ɗauki tashoshi biyu a matsayin samfuri, Surry a Jihar Virginia da Peach Bottom a Jihar Pennsylvania, suka bi su na'ura na'ura. Da suka ga bishiyar lalacewa ita kaɗai za ta yi girman da ba za a iya sarrafa ta ba, sai suka ƙara mata bishiyar aukuwa, wadda take farawa daga matsala ta farko ta bi gaba, a kowane mataki tana rabuwa biyu: na'urar kariya ta yi aiki, ko ta ƙi. Da yake kuma ba a san yawan lalacewar kowane bawul daidai wa daida ba, ba su ba shi lamba guda ba, sai suka ba shi tazara daga ƙasa zuwa sama, suka sa kwamfuta ta riƙa zaɓen lamba daga kowace tazara tana maimaita lissafin sau da yawa bisa hanyar Monte Karlo, domin a ga faɗin shakkar da ke cikin amsar ƙarshe.

An fitar da daftarin a watan Agusta 1974, cikakken rahoton kuma, mai lamba WASH-1400, a watan Oktoba 1975, bayan aikin ya koma hannun sabuwar Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya. Babbar lambar da ya bayar ita ce, yiwuwar narkewar zuciyar tukunya ta kai sau ɗaya cikin 20,000 ga kowace tukunya a shekara. Idan ƙasa tana da tukwane 100, ke nan sau ɗaya cikin shekara 200. Wannan ya fi abin da injiniyoyi da yawa suke zato, amma rahoton ya ce akasarin irin wannan narkewa ba za ta hallaka jama'a kamar yadda ake tsoro ba. Taƙaitaccen bayanin da aka sa a gaba, wanda shi ne abin da akasarin 'yan jarida da 'yan Majalisa suka karanta, ya kwatanta haɗarin da yiwuwar faɗowar dutse daga sararin samaniya a kan mutane. Wannan kwatanci ya yi wa rahoton illa ƙwarai, domin ya ba shi kamar takardar talla.

Masu suka ba su rasa abin kamawa ba, kuma mafi ƙarfinsa shi ne batun lalacewa mai tushe ɗaya. Alal misali, a ce akwai famfo biyu, kowanne yana ƙin tashi sau ɗaya cikin 100. Idan babu abin da ya haɗa su, yiwuwar su ƙi tare sau ɗaya ce cikin 10,000. Amma idan makaniki ɗaya ne ya gyara su da kuskure iri ɗaya, ko wayoyinsu suna bin rami ɗaya, to lalacewar ɗaya ita ce lalacewar ɗayan, lambar ta koma kusa da ɗaya cikin 100. A wasu wurare inda babu bayani, rahoton ya ɗauki abin da ke tsakanin iyakokin biyu, wanda a wannan misali zai zama ɗaya cikin 1,000, ba don wata hujja ba sai don rashin abin da ya fi. Tun kafin a gama rubutun ma duniya ta ba da nata misalin. A watan Maris 1975, a tashar Browns Ferry ta Jihar Alabama, ma'aikata suna neman inda iska ke yoyo da kyandir, wuta ta kama, ta ƙone tarin wayoyi, ta kashe na'urorin kariya da dama waɗanda a takarda kowace zaman kanta take yi.

Hukumar ta naɗa kwamitin bita ƙarƙashin Farfesa Harold Lewis na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya ba da rahotonsa a watan Satumba 1978. Hukuncinsa kashi biyu ne. Ya yaba hanyar, ya ce a ƙara amfani da ita. Amma game da lambobin, ya ce ba zai iya tantance ko sun yi yawa ko sun yi kaɗan ba, abin da ya tabbata shi ne an rage faɗin shakkar da ke tattare da su ƙwarai da gaske. A watan Janairu 1979 Hukumar ta janye amincewarta da taƙaitaccen bayanin. Mutane da yawa suka ji kashi na biyu na hukuncin kawai, suka ɗauka an binne rahoton.

Ba a cika wata uku ba, da misalin ƙarfe huɗu na asubahin 28 ga Maris 1979, tukunya ta biyu ta tashar Three Mile Island kusa da Harrisburg ta sami matsala a famfunan ruwa. Wani bawul mai rage matsi ya buɗe kamar yadda aka tsara, amma ya ƙi rufewa. Fitilar da ke ɗakin sarrafawa tana nuna an aika masa umarnin rufewa ne kawai, ma'aikatan kuwa suka ɗauka ya rufu. Da suka ga alamar da suka fassara da cewa ruwa ya yi yawa, sai suka rage ruwan gaggawa da hannunsu. Fiye da awa biyu ruwa yana zurarewa kafin a toshe hanyar, kuma daga baya aka gano kusan rabin zuciyar tukunyar ya narke. Babban bututun da aka shekara ashirin ana shirya wa fashewarsa bai ko tsage ba.

A nan ne darajar aikin Rasmussen ta fito, kuma ba a cikin lambar 20,000 take ba. Duk wanda ya wuce taƙaitaccen bayanin ya shiga cikin kundin zai tarar an jera hanyoyin haɗari bisa nauyinsu, kuma waɗanda suka rinjayi jimlar su ne ƙananan yoyo, da tangarɗar yau da kullum wadda ta haɗu da gazawar wata na'ura, da kuskuren ɗan Adam. Har bawul mai ƙin rufewa yana cikin abubuwan da aka ambata, ko da yake ƙirar tashar da aka bincika dabam take da ta Three Mile Island. Wannan jeri ya fi jimlar ƙarko, domin kuskuren da zai ninka jimla sau goma ba lalle ne ya sauya wanda ke gaba da wanda ke baya ba. Lalle laifin hukumomi ne da suka shekara uku suna jayayya a kan lamba guda, ba su sauya horon ma'aikata bisa abin da jerin ya nuna ba. Kwamitin da Shugaba Carter ya naɗa ƙarƙashin John Kemeny ya ba da rahoto a watan Oktoba 1979, inda ya ɗora nauyi mai yawa a kan horo da tsarin ɗakin sarrafawa da halin hukumar kanta.

Daga nan hankalin masana ya karkata ga gwajin tasiri, watau binciken wane zato ne daga cikin ɗaruruwan da aka zuba a lissafi yake juya amsar. Tsohuwar hanya ita ce a motsa lamba ɗaya a bar sauran, a ga yadda amsa za ta motsa, amma wannan ba ya kama abubuwan da sai sun haɗu suke yin ɓarna, irin famfunan nan biyu. A 1979 McKay da Beckman da Conover suka wallafa wata hanyar zaɓen lambobi wadda take raba kowace tazara kashi kashi ta tabbatar an taɓa kowane kashi, ta haka ana samun amsa mai kyau da maimaici kaɗan, abin da ke da muhimmanci a zamanin da lokacin kwamfuta yake da tsada. A 1991 Max Morris ya kawo hanyar tace abubuwa masu yawa a ware marasa tasiri, masanin Rasha Ilya Sobol kuma, a farkon shekarun 1990, ya nuna yadda za a raba dukan shakkar amsa a ce kaso kaza daga wannan zato ya fito, kaso kaza daga haɗuwar wannan da wancan. Amfanin wannan ga mai riƙe da baitulmali a fili yake, domin yana nuna masa inda kuɗin bincike ko na gyara zai rage shakka, da inda zai tafi a banza.

A 1990 Hukumar ta fitar da magajin rahoton Rasmussen mai lamba NUREG-1150, wanda ya binciki tashoshi biyar, har da Surry da Peach Bottom. A wannan karo an tara ra'ayoyin ƙwararru bisa tsari a wuraren da babu bayani, an bar saɓaninsu ya bayyana a cikin lissafin, an kuma ba da sakamakon a matsayin tazara mai faɗi tare da bayanin abubuwan da suka faɗaɗa ta. A 1995 Hukumar ta fitar da sanarwar manufa cewa za a ƙara amfani da wannan hanya a dukan harkokinta na sa ido, gwargwadon abin da ingancin hanyar da bayanan da ke hannu za su iya ɗauka, kuma a matsayin ƙari ga tsohuwar ƙa'idar jera kariya bayan kariya.