Buhun Shinkafa da Akwatin Zaɓe

Ranar 1 ga Oktoba, 1979, sojoji suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari bayan sun shekara 13 suna riƙe da ƙasa. Mun shiga Jamhuriya ta Biyu da kyakkyawan zato. A Kano da Kaduna, gwamnonin PRP, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, talaka ya ga ƙuri'arsa ta yi masa rana.

Sai dai arzikin Nijeriya daga man fetur yake fitowa, gwamnati kuma ta hanyar kwangila da lasisin shigo da kaya take raba shi. A wancan lokaci Naira ta fi Dala daraja a farashin gwamnati, don haka duk wanda ya samu lasisin shigo da shinkafa ya tsinci dami a kala. Ba dole ne ya shigo da ko ƙwaya ɗaya ba. Yana iya sayar da takardar ga ɗan kasuwa, kowane hannu ya ɗora ribarsa, mai awo a kasuwa ya biya duka. Zarge-zarge suka yi ta yawo kan kwamitin shinkafa da Ministan Sufuri, Umaru Dikko, ya shugabanta, shi kuwa ya musanta.

Da kasuwar mai ta faɗi, gwamnati ta shelanta tsuke bakin aljihu a 1982, ta taƙaita shigo da kaya. Lasisi ya ƙara tsada, 'yan lelen jam'iyya suka ƙara kuɗancewa, malaman makaranta a jihohi da dama suka yi watanni babu albashi. Dukiyar da aka tara ta haka ta sake shiga siyasa a zaɓen 1983, wanda aka yi ta kukan maguɗi a kansa.

Ranar 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka dawo. Ba mu fito mun kare gwamnatin da aka ce mu muka zaɓa ba, wasunmu ma murna suka yi. Mulkin soja kuwa bai warkar da cutar ba, ya dai rufe bakin masu ƙorafi.

Tsarin mulki ya ba kowannenmu ƙuri'a ɗaya, amma lasisi ya tara dukiya a hannun 'yan ƙalilan, har suka fi ƙarfin ƙuri'ar. Yau idan ɗan takara ya zo unguwarmu da mudun shinkafa ana gobe zaɓe, ya kamata mu tambaye shi inda ya samo buhun.