Asalin Ajiye Babban Dambe Sai Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa halartar dandalin dambe a ƙasar Rima, ko a Wurno ne, ko Raba, ko Goronyo, ya san ba a buɗe wasa da gwanaye. Yara ake fara sakawa, sa'an nan samari masu neman suna, har sai rana ta yi sanyi, kalangu ya ɗauki zafi, jama'a sun cika maƙil, kana a fito da waɗanda aka zo dominsu. Wannan nizami ba wani sarki ne ya kafa shi ba, ba kuma a littafi aka rubuta shi ba, amma yana da asali, asalin nasa kuwa yana komawa ga sana'ar fawa.

Abin da magabata suka ruwaito shi ne, dambe wasan mahauta ne tun fil'azal. Idan damina ta ɗauke, aka girbe gero da dawa, rumbuna suka cika, manomi ya sami sukunin aurar da 'yarsa da biyan bashinsa, sai rundawa su ɗauki wuƙaƙensu da makaɗansu su riƙa bin garuruwa suna yanka, domin a lokacin ne talaka ke da abin sayen nama. Inda duk suka sauka, samarinsu sukan ƙalubalanci na garin, a share fili, a yi da'ira. Ɗan dambe ya naɗe hannunsa mai ƙarfi da tsumma, ya bi shi da zare yana ja yana matsewa har dunƙulen ya yi tauri, ɗaya hannun kuwa ya bar shi a buɗe don kariya da auna tazarar abokin karawa. In aka yi turmi uku ba wanda ya kai ƙasa sai a raba su, in kuwa gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan. To, mahauci mutum ne mai lissafi, ya kuma san cewa taro shi ne kasuwarsa: da zai saki gwaninsa tun da la'asar sakaliya, da jama'a sun watse tsire bai ƙare a tukuba ba. A ganina nan ne hikimar ta samo tushe, watau a riƙe zukatan mutane da ɗokin abin da ba su gani ba tukuna. Haka kuma aka yi wa shekara kanta, domin kaka ce ƙarshen wahalar manomi, ita aka ware wa babban wasa.

Ƙasar Rima tana da rabo babba a ɗaukakar wannan wasa, domin Muhammadu Bawa Ɗan Anace, wanda ba a yi makaɗin 'yan dambe da ya kai shi shahara ba, mutumin gundumar Gandi ne ta ƙasar Raba. Shi ya wasa ɗan damben nan Shago har sunansa ya zama abin buga misali, kuma karawar Shago da Ɗandunawa ta kai kunnen dubban mutanen da ba su taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, bayan da aka kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, muryoyin makaɗa suka shiga zaure da rumfar kasuwa. Malamai, musamman a gari irin Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda aka yi masa makwanci a 1837, ba su taɓa yin na'am da layu da surkullen da ke biye da wasan ba, kuma suna da hujjarsu. Amma jarumtaka da haƙurin shan naushi ba wanda ya musa cewa halaye ne na yabo.

Rediyo dai bai taɓa lokacin wasa ba, labari kawai ya kai. Talabijin ne ya zo da wani sabon al'amari. Maƙwabtanmu na Nijar sun kafa gasar kokawa ta takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukarsa, kuma a 'yan shekarun nan akan yi ta ne a ƙarshen shekarar Miladiyya, jihohi 8 kowace da 'yan kokawa 10, ana nuna ta kai tsaye, ta yadda hukuma ce ke yanka rana da sa'a, ba Sarkin Fawa ba.

Inda abin ya kai matuƙa kuwa shi ne Amurka, a ƙwallonsu na ture da ake yi da kwalkwali, wanda ƙungiyoyi 32 ke bugawa daga Satumba zuwa farkon Janairu. A wannan wasa akwai mutum guda, kwatabak, wanda shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanta tsayuwar abokan gaba cikin ƙiftawar ido, ya jefa wa wanda ya dace. In hannunsa na ci ƙungiya ta ci, in ya ji rauni sau da yawa shekararsu ta lalace. A ranar 17 ga Nuwamba 1968, tashar NBC ta katse wasan ƙungiyar Jets, masu kwatabak Joe Namath, da ta Raiders, saura kimanin minti guda, don ta sa wani fim na yara a kan lokacinsa, alhali Jets na gaba da 32 da 29. Cikin wannan ɗan taƙin Raiders suka ci sau biyu, aka tashi 43 da 32, miliyoyin masu kallo ba su gani ba. Fushin jama'a ya sa aka daina yanke wasa kafin ya ƙare. Daga 2006 kuma aka ba hukumar gasar ikon ta duba, idan shekara ta yi nisa, wace karawa ce ta fi armashi, ta ɗauke ta daga rana ta mayar da ita daren Lahadi da sanarwar kwana 12, ta janye wadda aka tsara tun bazara idan gwanayenta sun gaza. Lissafin mahaucin nan ne dai, sai fa shi mahauci bai taɓa sauya wa wanda ya yi tattaki daga nesa lokacin wasa ba, su kuwa suna yi, wanda ya riga ya biya kuɗin mota da masauki ya ɗauki hasara, kuma wannan a wurina rashin adalci ne ga mafi ƙaunar wasan.

A Rima ma lokaci ya soma kuɓuce wa kaka. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, noman rani ya bunƙasa, saurayin da a da yake hutawa bayan girbi yanzu yana fadama yana ban ruwan albasa da tafarnuwa da shinkafa. Wanda Allah ya ba hannu kuwa yakan nufi gidajen dambe na Sakkwato da Kano da Abuja, inda ake shiga da kuɗi, a raba 'yan wasa Kudu da Arewa da Guramaɗa, a kunna fitilu, masu ɗaukar hoto su jeru a bakin fili, danginsa na Gandi ko Achida su kalli damben nasa a waya washegari.