Mun Karɓi Risala Daga Kairawan, Mun Bar Tafkunanta



Ya 'yan'uwa, duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar Hausa ya san Risala ta Ibn Abi Zaid Alkairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira (996). A babin tsarki, ruwan sama ne farkon abin da ya ambata cikin ruwan da ke tsarkakewa. Na daɗe ina karantar da wannan babi kafin in tambayi kaina: ina mutanen garinsa suke samun ruwa?

Uƙba bin Nafi'u ne ya kafa Kairawan a 670, a ƙasar Tunisiya ta yau, cikin fili mai ƙarancin ruwan sama, nesa da teku. Sarakunan Banu Aglab ne suka magance ƙishirwarta. A zamanin Abu Ibrahim Ahmad (856 zuwa 863) aka gina tafkuna a bayan ganuwa, wasunsu na nan har yau. Hikimar ginin ita ce ta fi burge ni: ruwan ambaliya yakan fara zuba cikin ƙaramin tafki, laka ta kwanta, sannan garau ɗin ya wuce zuwa babban, mai faɗin kimanin mita 128. Hatta harabar babban masallacin an karkata daɓenta domin ruwan da ya sauka ya gangara rumbun da ke ƙarƙashin ƙasa. Kafin su ma, Zubaida matar Haruna Rashid ta cika hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka da irin waɗannan matattara.

Kakanninmu ba su jahilci wannan ba. Ramin da aka haƙi ƙasar gini shi ke zama kududdufi, a shayar da dabbobi har cikin rani. Uwar gida kuma ta kafa randa ƙarƙashin indararo, a bayan ɗaki ga rama, yakuwa, kuɓewa da zogale.

Yau a nan Wurno, da ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, rufin kwano ya yawaita, wanda ya fi soron ƙasa tara ruwa mai tsabta, amma sai mu bar shi ya kwarara lungu yana cin gindin katanga. Ku yi lissafin da kanku: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 50, idan damina ta ba da milimita 800, ya zubar da lita 40,000, wato duro 200. Sannan a watan Maris a aiki yarinya sayen alayyahu, ta makara Islamiyya. Wannan kam ina ganinsa a ajina.

Bazara ce lokacin shiri, tun hadari bai taso ba: a gyara indararo, a zuba taki a fangali, a samar wa duro murfi saboda sauro da ƙananan yara. Ruwan farko kuwa a bar shi ya wanke ƙurar rufi tukuna.

Wassalam.